Ramuka Uku a Jif ɗin Baba

Mijina ya iya komai. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma yana maimaitawa kullum bayan cin abinci. Shagon hoto-kwafi ne da shi a bakin titi, kuma tun ranar da ya zaro wata takarda da ta maƙale a cikin injin da tsinken sakace ya yanke wa kansa hukunci cewa babu na'urar da za ta gagare shi a duniya. Duk abin da ya lalace, in ka nuna masa, sai ya karkata kai ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Shi ya sa duk layinmu ba a kiransa da komai sai Minti-Biyar. Fankar ɗakinmu ta sha minti biyar ɗinta bara. Tana juyawa dai, amma rufi take yi wa fifita.

Abu ɗaya ne yake tsaye masa a rai: Babana bai taɓa ce masa Injiniya ba. Ya rubuta sunan a allon shagonsa, ya sa a wayarsa, amma Baba shekara shida "Mijin Auta" yake ce masa, ni ce Autar.

Baba direba ne da ya yi shekara talatin a wani kamfanin gine-gine, da zai ajiye aiki suka bar masa tsohuwar jif ɗin da yake ja. Ruwan toka ce, ta kusa sa'ata, a cikinta ya koya mana tuƙi ni da Yaya. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya sha ruwan zafi. Ranar Litinin ya murza makulli, ta yi ta kik, ta ƙi tashi.

Yaya, wanda ya daɗe yana neman dalili, ya tara mu a falo ya ce, "Baba, motar nan ta gama yi mana aiki. Na yi magana da dillali, zai zo ranar Asabar ƙarfe huɗu."

Baba ya daɗe yana juya makullin a hannunsa, sannan ya ce, "In ta tashi kafin nan fa?"

"In ta tashi, shi ke nan, a bar ta."

Na buɗe baki zan ce a kira bakaniken da ke tsallaken titi, wanda ya san motar kamar yunwar cikinsa, sai na ji gyaran murya a bayana. Na san wannan gyaran muryar sarai.

"Baba, ku kwantar da hankalinku," in ji mijina. "Ga injiniya a cikin gida, me za a yi da bare? Aikin minti biyar ne."

Na tabbata Mama za ta hana, don ko tocilarta ba ta yarda ya taɓa. Amma sai ta ci gaba da ninke kayan wanki ta ce, "A bar shi ya gwada mana. Kada a dami bakanike, aiki ya yi masa yawa." Na dube ta, ta ƙi dubana.

Ranar Juma'a mijina ya zo ya zagaya motar sau uku, ya buga taya da ƙafa, ya ce mai ne babu, allurar da ke nuna mai ƙarya take yi. Ya yi ta jigilar jarka har sai da tanki ya cika ya tumbatsa. Aka murza makulli, shiru. Ya ce dama gwaji ne ya yi, yanzu ya gano ciwon. Ya zauna a inuwa da wayarsa ya kalli bidiyon wani mutum yana gyaran mota da wani yare da ba ya ji ko kalma ɗaya, yana gyaɗa kai kamar tare suka yi makaranta. Da ya gama ya miƙe ya ce famfon mai ne, wanda ke cikin tanki yana tura mai zuwa inji. Kafin magariba ya sayo sabo a kwalinsa.

Na ce, "Maigida, motar cikin bidiyon nan ja ce, kuma ƙarama."

Ya ce, "Auta, mota mota ce. Fenti ne ya bambanta su."

Ranar Asabar da hantsi ya fito da rigar aiki sabuwa dal, da alƙalami uku a aljihu. Ya aro guduma da kurfi na huda ƙarfe da sifana da almakashin ƙarfe, ya jera su a kan tabarma a ƙofar gidan Baba kamar mai talla. Baba ya fito da kujerarsa. Telan layinmu, wanda ba a taɓa yin abu a unguwar nan babu shi ba, ya jawo kekensa bakin shago don ya riƙa ɗinki yana kallo.

Bakanike ya tsallako, hannunsa duk baƙin mai. Mutum ne da maganarsa ba ta wuce a ƙirga. Ya gaida Baba, ya dubi kwalin ya ce, "Sai an sauke tanki."

"Tankin a cike yake," in ji Tela.

"Wa ya cika shi?"

Kowa ya dubi sama.

Mijina ya ce, "Oga, sauke tanki ai aikin mutanen da ne. Mu 'yan zamani ta sama muke shiga. A huda dandamalin but daidai saitin famfo, a zaro tsoho, a zura sabo."

"Ka saurare ta tukuna?"

"In saurari mota? Waƙa take yi?"

Bakanike ya dube shi, ya dubi Baba, ya koma garejinsa.

Daga nan mijina ya tafi wurin mai walda ya ce ya zo ya yanka masa ƙarfen. Ina jiyo amsar daga inda nake: "In kawo wuta kan tankin da ke cike da mai? Malam, ina da 'ya'ya." Ya dawo yana cewa matsalar ƙasar nan tsoro ne, ya ɗaga kafet ɗin but, ya ɗora wayarsa a kan ƙarfen, ya auna taƙi uku daga ƙofa kamar yadda ya ga mutumin bidiyo ya yi, ya zana murabba'i da alƙalami.

Dukan guduma na farko Baba ya runtse ido. Na biyu ya dafe ƙirji. Haka aka yi ta yi, gwam, gwam, har kusan awa guda, sannan ƙarfen ya buɗe. Mijina ya share gumi ya ce kowa ya matso ya ga ilimi. Muka matso muka leƙa. Safaya taya ce ke rataye a ƙasa tana kallonmu.

Tela ya ce, "Ashe nan famfon yake. Babba ne kuwa, har da zane."

"Wannan ramin bincike ne," in ji mijina. "Likita ma ba ya fara yanka a kan ciwo."

"Allah ya raba mu da likitanka."

Ya sake kallon bidiyon, ya ce ya gane, mutumin hannunsa ya fi nasa girma. Ya ƙara taƙi ɗaya zuwa hagu. Wannan karon ya fi sauri, don hannu ya faɗa. Da ramin ya buɗe babu komai a ƙarƙashinsa sai ƙasa, da kyanwar Mama da ta kwanta a inuwar motar. Ta ɗago kai ta dube shi, ta yi hamma.

"Gaishe ta mana," in ji Tela. "Ka shigo mata ɗaki ba sallama."

"Na iska ne wannan. Tururin mai yana bukatar hanyar fita."

A lokacin layi ya fara cika. Mai wanki ya bar guga, masu jiran aski sun fito da tawul a wuya. Ni kuwa ina tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, ga ramuka biyu a kusa amma duk sun yi mini kaɗan. Na matsa na ce masa a hankali, "Maigida, kada garin neman gira a rasa ido."

"Auta, ke dai kawo mini ruwan sanyi. Tarihi ake kafawa."

Rami na uku, da ikon Allah, ya faɗa kan famfon. Ba daidai ba, amma ana ganin gefen murfin. Ya ƙara faɗaɗa shi da almakashi, ya miƙe a kan bamba ya ɗaga hannu biyu, masu tawul suka yi masa tafi. Ya dubi Baba yana jiran kalmar da ya daɗe yana jira. Baba ya ce, "Sannu, Mijin Auta."

Abin da ya manta shi ne man da ya ɗura jiya har wuya. Yana kwance murfin, mai ya kwararo ta ko'ina, ya jiƙa masa hannun riga har kafaɗa, ya bi ta ramin bincike da na iska ya zuba ƙasa. Kyanwa ta fita da gudun da ban taɓa sanin tana da shi ba. Mai walda ya kashe injinsa ya tsallaka titi. Wani dattijo da ya zo wucewa da sigari a baki ya ga mutum goma sun yo kansa suna ɗaga hannu, ya juya da gudu yana rantsuwa ba shi ba ne.

Mijina ko a jikinsa. Ya zaro tsohon famfon ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kama ɓarawo. "Ga mugun nan. Ku dubi yadda ya yi baƙi."

"Shekara nawa yana cikin tanki, da fari kake so ya yi?" in ji Tela.

Ya zura sabon, ya ɗaure, ya jira man da ya zube ya bushe, don wannan kam na tsaya a kansa. Ƙarfe uku da rabi ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu ya ce, "Baba, ku tayar da kayarku."

Baba ya shiga, ya yi bisimilla, ya murza. Motar ta yi kik, kik, kik. Ya sake. Ya sake. A na huɗu ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a kan cinya, kuma a nan ne dariya ta fara fita daga raina, don na ga fuskarsa.

"Sabon famfo yana da kunya," in ji mijina. "Sai an tura. Baba, ku fito in nuna mata hanya."

Daga gareji Bakanike ya ɗago murya karo na farko: "Turi ba zai yi ba."

"Oga, kowa da makarantarsa."

Ya kwashe kayan aikin ya zuba a but, ya shiga mazaunin direba. Majiya ƙarfi shida suka sa kafaɗa. Layinmu yana da gangara, kuma jif ba ƙaramar aba ba ce. Da ta samu hanya sai ta bar masu turi a tsaye. Mijina ya saki kuloci, ta yi tari ta ci gaba. Ya sake saki, ta sake tari. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa in inji ba ya aiki birki tauri yake yi, sitiyari kuma ya zama kamar an kafe shi. Muna bin ta a guje muna jin muryarsa ta taga yana cewa a ba shi hanya, a ƙarƙashinta kuma kaya na zubowa ɗaya bayan ɗaya. Guduma ta fita ta ramin iska. Sifana ta biyo ta. Sai kurfi, sai almakashi, sai tsohon famfon ya faɗo ya gangara bakin kwata. Tela yana biye yana tsinta yana kiran sunan masu su.

A ƙarshen layi akwai tulin yashin wani gini. Nan ta je ta soka hanci ta tsaya.

Daidai lokacin Yaya ya iso da dillali, wani mai ƙaton tumbi da baƙin tabarau. Mijina ya fito yana karkaɗe yashi ya ce musu gwajin birki ake yi.

Bakanike ne ya ratso taron, riƙe da tsohon famfon da ya tsinta. Ya ce kowa ya yi shiru. Ya murza makulli rabi, ya zagaya ya kara kunnensa a jikin tanki. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe.

"Wuta ba ta zuwa," ya ce. "Baba, ina makunnin da na sa maka?"

"Wane?"

"Na ɓarayi. Ƙarƙashin kujera. Wanda ke yanke wa famfo wuta."

Baba ya dafe goshi. "Wallahi na manta da shi. Rabona da taɓa shi tun da na lura ɓarayi sun daina kallon motar."

Mijina ya yi dariya ya ce makunni ba ya hana famfo na gaske aiki, zai nuna mana. Ya buɗe but ya durƙusa ya sa fuskarsa a rami na uku yana bayani. Bakanike ya zura hannu ƙarƙashin kujera, muka ji ƙas. Sabon famfon ya yi gurnani, kuma tun da injiniya ya manta bai mayar da tiyon da ke kai mai inji ba, man ya bi hanyar da ya samu. Ya taso tsaye ya wanke masa fuska tun daga haɓa har gashin kai, a tsakiyar kalmar "fasaha".

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai wanki ya zauna a ƙasa. Tela ya rungume sandar lantarki yana hawaye. Ni na ruga da butar ruwa ina wanke masa ido ina cewa sannu, kafaɗuna suna rawa, Allah ya yafe mini.

Bakanike ya kashe, ya mayar da tiyo, ya ɗaure da kilif, ya goge wurin tas. Da man ya bushe ya murza makulli sau ɗaya, motar ta tashi lafiya lau. Sannan ya ɗauki tsohon famfon ya taɓa wayoyinsa a kan wani batir da aka kawo daga gareji, shi ma ya yi gurnani.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

Tela ya duba agogo ya ce, "Minti biyar cif."

Baba yana murmushi kamar yaro. Amma Yaya ya ce, "To wa ya kashe makunnin?"

Duk ido ya koma kan mijina. Kafin ya buɗe baki muka ji murya daga baya.

"Ni ce."

Mama ce, ta biyo mu da mayafinta a kafaɗa. Ta tsaya gaban Baba ta ce, "Ranar Lahadi ka goge ginshiƙin ƙofa ba ka gan shi ba. Makon jiya saura ƙiris ka hau mai keke, ina zaune a gefenka. Likita ya ce idon nan ba na tuƙi ba ne, ka ce kada in gaya wa yara. To ban gaya musu ba. Na gwammace ka yi fushi da mota da in rasa ka." Ta juyo ta dubi mijina. "Kai kuma ka yi haƙuri, ɗana. Na san in kai ne a kanta ba za ta tashi ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai Tela da ya toshe baki da hularsa.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Injin yana ta aiki a hankali, irin ƙarar da muka taso da ita. Ya miƙa hannu ya kashe, ya zare makullin, ya shafa sitiyarin sau ɗaya, ya miƙa wa Yaya. "Gaskiyarta ce," ya ce. "A ba mutumin." Tausayinsa ya kama ni.

Dillali ya gyara tabarau ya fara zagaya motar. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa inji, ya gyaɗa kai. Ya zo baya ya ɗaga ƙofar but. Ya cire tabarau. Ya leƙa rami na farko ya ga safaya, ya leƙa na biyu ya ga takalminsa, ya leƙa na uku warin mai ya buge shi.

"Wa ya yi wannan?"

"Injiniya ne," in ji Tela.

"Alhaji, ni mota nake saye, ba rariya ba. Wa zan sayar wa wannan? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara." Ya mayar da tabarau ya yi gaba, Yaya yana binsa yana cewa ai za a liƙe, shi kuwa ko waiwaye.

Yaya ya dawo da makulli a hannu bai san inda zai sa shi ba. Na miƙa hannu na karɓa. Na ce, "Baba, ai kai ka koya mini. Ka koma wancan gefen, ni zan riƙa ja. Duk inda za ka, ka kira ni."

Baba ya dube ni, ya dubi Mama. Mama ta ce, "In Auta ce, na yarda."

A nan ne mijina, ido jajur, riga na ɗigar mai, ya gyara murya. Na ce a raina, yau kam kunya za ta rufe masa baki. Ina.

"To kun gani," ya ce. "Kuna tsammani ban san abin da nake yi ba? Da rami ɗaya na huda, da yanzu dillali ya tafi da ita. Lissafi ne. Uku na ce, uku kuma aka yi."

Tela ya roƙe shi don girman Allah ya yi shiru, cikinsa na ciwo.

Bakanike ya rufe ramin da ke kan famfo da faranti da noti huɗu, don ya ce wannan ba abin wasa ba ne. Da ya zo kan sauran biyun Baba ya riƙe masa hannu ya ce a bar su, su ne takardun motar, tunda su suka hana a sayar da ita.

Yanzu duk Asabar da hantsi ni nake fitar da su. Baba yana gaba yana gaya mini inda zan sa giya, Mama tana bayansa, sauran kujerun jikoki sun cika su. Mijina a can baya yake zama, a but, a kan ɗan kwali, tsakanin ramin bincike da na iska, yana ba jikokin labarin yadda ya ceci motar. Makon jiya an yi ruwa, muka iso wani kududdufi da ya cinye rabin titi. Na rage gudu. Baba ya leƙa madubi, ya daɗe yana kallon surukinsa, sannan ya ce, "Injiniya, ɗaga ƙafarka, za mu shiga ruwa."

Bai ɗaga ba. Daɗin sunan ya hana shi jin sauran maganar, ya zauna yana washe baki har ruwan ya taso ta ramukan biyu ya same shi.